Hajiya, ki shirya gwiwarki kamar 'yar wasa

Yawancin iyayenmu mata da ke zuwa wurinmu a sashen gashin ƙashi nan Katsina, in na tambaye su me suke so, sai su ce a dai rage musu ciwon. Ni kuwa so nake in ji abin da ciwon ya hana ki. Sujada ce ta gagara har kika koma salla a kujera? Ko kujerar Makka aka biya miki kina tsoron sa'ayi? Zagaye bakwai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga tattakin jifa a Mina. Matar da za ta yi wannan tana da shekara 65 'yar wasa ce, kuma shirin 'yan wasa ya kamace ta, irin na samarin da ke atisaye a filin wasa na Muhammadu Dikko: a san inda aka dosa, a auna ƙarfi, a riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan.

Ki fara da awo. Ki jingina kujera mai ƙwari da bango, ki rungume hannuwanki a ƙirji, jikarki ta riƙe waya ta ƙirga miki daƙiƙa 30. Sau nawa kika miƙe tsaye sosai kika koma kika zauna? A ma'aunin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mace mai shekara 65 zuwa 69 da ta kasa kai 11 tana cikin haɗarin faɗuwa. Ki rubuta abin da kika samu, bayan wata ɗaya ki sake.

Wannan tashi da zaman shi ne kuma atisayenki na farko, domin naman gaban cinya ne ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Ki yi goma, ki huta, ki ƙara goma. Wurin zama ake samun amfanin, saboda haka kada ki faɗa kan kujerar jagwab, ki sauka a hankali kina ƙirga uku. In ya yi wuya, ki ɗora matashi. In ya yi sauƙi, ki rungumi galan ɗin ruwa. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin zaizayewa, kuma ɗaukar nauyi daidai ƙarfi na cikin abin da ke riƙe shi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga 'ya'ya sun hana uwa ko ɗaga buta da sunan tausayi.

Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, hannu a jikin bango, ko da kina jiran tukunya ta tafasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce masu shekara 65 zuwa sama su samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu, da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku. Tafiyar ki yi ta bayan asuba kafin rana ta buɗe, musamman a bazara, da takalmin kambas, ban da silifas. In fita ba ta yiwu ba, tsakar gida ta isa. Ki ci wake, ƙwai, awara, ki sha nono, tsoka ba ta ginuwa da koko kaɗai.

Ɗan ciwo lokacin atisaye ba laifi ba ne matuƙar ya lafa kafin washegari. In ya kwana ya wuni, ki rage adadin, amma kada ki daina. Ciwon ƙirji, jiri, ko gwiwa da ta kumbura ta yi zafi, waɗannan na asibiti ne a ranar. Mai hawan jini ko ciwon suga ta fara ganin likitanta, kuma a yi hattara da maganin ciwon nan diclofenac na kemis, yawan shansa na taɓa ciki da ƙoda.

Ranar da za ki je gashi, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko a Babban Asibiti, ki sa wando ƙarƙashin zane don a iya duba gwiwar, ki nemi mace ta duba ki in kin fi sakewa. Ki tafi da magungunanki da takardar awonki, ki faɗa musu watan da jirginku zai tashi.