Yadda za ki yi jinyar jikinki bayan aikin cikin da ya zauna a wajen mahaifa

Matar da aka yi wa aikin ciki a wajen mahaifa takan dawo gida da miki a mara, da ƙarancin jini, da jikin da bai gama gane cewa cikin ya tafi ba. Mutanen gida kuwa sukan ɗauki abin kamar ɓari, bayan kwana uku a fara hararar ta don ba ta hura wuta ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciki a bututun ƙwai, wato hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, yake zama, kuma in bututun ya fashe, a cikin ciki jinin yake zuba inda ido ba ya gani. Shi ya sa jinyarsa ta fi ta ɓari nauyi nesa ba kusa ba.

Matakin farko tun kina kan gadon asibiti yake. Kada a sallame ki ba ki tambayi likita abin da aka yi miki ba. An cire bututun ne gaba ɗaya, ko an tsaga shi an fitar da cikin an bar shi? Na dama ne ko na hagu? Zaren ɗinkin mai narkewa ne ko sai kin dawo an cire? Ki kuma tambayi rukunin jininki, domin mai jini nagatif ana yi mata allurar Anti-D cikin awa 72 don kare cikin da za ta samu nan gaba. Ki sa a rubuta miki duk wannan a takarda ki adana. Wata rana likitan da bai taɓa ganinki ba zai buƙace ta.

Sai tafiya. Ciwo zai ce ki kwanta, amma daga washegarin aiki ki riƙa tashi kina ɗan zagaya ɗaki ko tsakar gida, sau da yawa a yini. Wannan ne ke tayar da hanji, ya kuma hana jini daskarewa a ƙafa. In za ki tashi daga kwance, ki juya gefe tukuna, ki dafa hannu ki miƙe. In tari ko atishawa ya zo, ki danna matashin kai a kan marar. Wadda aka yi wa aikin na'ura, mai ƙananan huji biyu ko uku, za ta iya jin ciwo a kafaɗa na 'yan kwanaki. Iskar da aka hura mata a ciki ce, za ta tafi da kanta.

Tafiya daban, aiki daban. Wadda aka yanka wa ciki tana buƙatar kusan mako 6, mai aikin na'ura mako 2 zuwa 4. A wannan tsakanin babu daka, babu jan guga, babu ɗaukar jarka ko tukunyar tuwo, babu goyo. Yaron da ya saba hawa bayanki a zaunar da shi kusa da ke. Fata tana haɗewa cikin kwana 7 zuwa 10, sai mace ta ga kamar ta warke, alhali naman da ke ƙarƙashi bai kama ba. Sallah ma ki yi a zaune in ruku'u da sujada suna jan ɗinkin.

Shi kuwa mikin, abin da yake so kawai tsabta da bushewa. Ki yi wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ki dangwala wurin da tsabtataccen tawul, kada ki goge. Ban da man kaɗanya, zuma, toka ko garin magani a kai. A nan ne za ki sha fama da iyaye, don wata gwaggo za ta ce a gasa miki ciki da tafasasshen ruwa da ganye, a dama miki kunun kanwa kamar mai jego. Ki ba ta haƙuri cikin ladabi. Ruwan zafi yana ƙona fatar da ke kusa da yanka, wadda galibi a dushe take ba ta ji sosai, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da wankan zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Zuciyar da ke fama da ƙarancin jini ba ta buƙatar ƙarin kaya.

Mayar da jini shi ne aikin da ya fi ɗaukar lokaci, ko da an yi miki ƙarin leda ɗaya ko biyu. Jiri, haki da kasala sukan kai makonni. Ki sha ƙwayoyin ƙarin jini har tsawon da aka ce, yawanci wata 3, ko kin ji ƙarfi. Za su mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai. Kada ki kora su da shayi, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikinsu. Ki bi su da lemon zaƙi ko gwaiba. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu su yawaita a kwanonki. Ki sha ruwa sosai, ki ci gwanda, don yunƙurin bayan gida mai tauri azaba ne ga mai ɗinki.

Jini zai riƙa fita ta gaba na mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci da ɗan gudaji. Ki yi amfani da audugar mata, kada ki cusa komai. Nono na iya ci gaba da nauyi, gwajin ciki ma ya nuna akwai, saboda sinadarin ciki a hankali yake sauka. Wadda aka cire wa bututu takan maimaita gwajin fitsari bayan mako 3. Wadda aka bar wa nata kuwa dole ta riƙa zuwa gwajin jini har sinadarin ya ƙare, don wani lokaci ragowar cikin kan ci gaba da girma.

Akwai alamun da ba a jiran ranar komawa asibiti in sun bayyana: zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, miki ya yi ja ya kumbura ko yana ruwa mai wari, jini ya jiƙa auduga cikin awa ɗaya, sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya, ko suma. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

Al'ada takan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma ƙwai yana iya fita kafin ita, don haka ciki na iya shiga ba ki ga jini ba. Kwanciyar aure sai jini ya ɗauke, ciwo ya tafi. Likitoci sukan ce a jira al'ada biyu ko wata 3 kafin neman wani cikin, saboda haka ki je da maigida a yi maganar tazara a gabansa. Bututu ɗaya mai lafiya ya isa a haihu, mata da yawa sun haihu da shi. Sai dai kusan mace 1 cikin 10 abin yakan sake faruwa da ita. Ranar da gwaji ya nuna kin sake samun ciki, kada ki jira wata huɗu kafin fara awo. Ki ɗauki waccan takardar ki je a yi miki hoton ciki a mako na 6 zuwa na 8, a ga inda ya zauna.