Yadda za ka tafiyar da mitar motar tsere ta alfarma don kada kuɗinta ya zube ranar sayarwa

Mai sayen Corolla a Katsina injin yake saurare, ya leƙa ƙarƙashi, ya taya. Mai sayen Ferrari, Lamborghini ko Porsche 911 kuwa sau da yawa yana Abuja ko Legas, kuma kafin ya nemi hoton motar zai tambayi dillali a waya: "Nawa ta yi a mita?" Daga amsar da aka ba shi ne ciniki zai ɗore ko ya watse. Don haka lissafin tafiyar da motar ke yi a shekara aiki ne da ake farawa tun ranar da ta shigo gida.

Da farko, ka san abin da mitar ke ƙirgawa. Motar da ta fito daga Amurka mil take nunawa, ta Dubai ko Jamus kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya, ke nan motar da ke nuna 18,000 a mil ta kusa kilomita 29,000. Sai ka raba adadin da shekarun motar. Wadda ta shekara 9 da kilomita 27,000 ta yi 3,000 a shekara, kuma wannan ɗin ne mai saye da ya san kan abin yake dubawa. Motar gida takan yi kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara ba wanda ya ɗaga ido. A kasuwar motocin alfarma, ƴan dubban kilomita ne ake gani daidai, kuma wadda ta yi tafiyar motar gida tuni an sa ta a sahun waɗanda suka sha aiki.

Na biyu, ka gane ajin motarka, domin mita ba ta cizon kowace mota daidai. Wadda aka ƙera kaɗan, irin Porsche Carrera GT da bai wuce 1,270 ba a duniya, masu tarawa ne ke sayenta, su kuwa kowane kilomita ragi ne a wurinsu. Lamborghini Gallardo, da aka ƙera sama da 14,000 tsakanin 2003 da 2013, kasuwarta ta fi sassauci, duk da cewa mai saye na da zaɓi da yawa kuma zai karkata ga mai ƙaramar mita. Porsche 911 ta yau da kullum ita ta fi kowa jure tafiya, don tun asali an san ta da hawan kullum. Akwai kuma lambobin da ke tsaya wa mutane a rai, irin 10,000, 20,000 da 50,000. Motar da ke kan 19,400 da wadda ke kan 20,300 lafiyarsu ɗaya, amma mai bincike a intanet yakan sa iyaka a 20,000, ta biyun ba za ta ma fito masa ba. In kana da niyyar sayarwa, ka sayar kafin ka haura irin wannan lamba.

Na uku, ka yanka wa motar kason tafiya na shekara, ka riƙe shi. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. Wanda ke zuwa ya dawo kowane mako ya zuba wa mitarsa sama da 17,000 a shekara, ban da duwatsun da ke tsattsage fentin gaba da tudun rage gudu da ke goge ƙasan mota mai kwanciya irin wannan. Zuwa Daura da dawowa, kusan 160, sau biyu a wata bai kai 4,000 ba. In biki ne a Abuja, ka ɗora ta a motar ɗaukar mota, kai ka bi jirgi ko jif. Kuɗin dakon bai kai abin da kilomita dubu da wani abu na zuwa da dawowa zai cire maka ba. Aro kuma, ko ɗan'uwa ne ya zo da "Yaya, ɗaurin aure kawai zan kai ango", ka tuna tafiyarsa a kasonka za ta shiga.

Na huɗu shi ne inda na fi so a tsaya a saurara, domin nan masu hali suka fi yin asara da kyakkyawar niyya: kada ka kulle ta. Dokin da aka bari a turke daga Hawan Sallah zuwa Hawan Sallah ƙafarsa ce ke fara lalacewa, mota ma haka. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40. Robobin injin suna bushewa su fara yoyo, taya na lotsewa ta gefen da ta zauna a kai, batir ya mutu, fetur ya tsufa a tanki, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, ɓera ya samu wayoyi. Tayar da ita a gareji na minti biyar ba ya magani, don baƙin mai bai yi zafin da zai kore damshi ba. Ka fita da ita duk bayan mako biyu, ka yi tafiyar rabin awa a titi mai kyau har komai ya ɗauki zafi, ka sa mata cajar da ke riƙe batir in ta dawo. Akwai kuma gyaran da shekaru ke kawowa ko motar ba ta motsa ba. Bel ɗin injin Ferrari F355 da 360 Modena ana canza shi bayan ƴan shekaru, a F355 ma sai an sauke injin gaba ɗaya. Taya na ɗauke da lamba huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Mai saye zai karanta, ya cire kuɗin sababbin tayoyi ko da zanen tsofaffin bai taɓu ba.

Na biyar, takardu. Kowane sabis ka karɓi rasit mai kwanan wata, lambar mita da lambar bodin motar mai haruffa da lambobi 17, ka ɗauki hoton mitar a ranar. Ferrari tun 2011 take ba sababbin motocinta sabis na shekara 7, sau ɗaya a shekara ko duk kilomita 20,000, kuma mai saye na sa ran ganin hatimin kowace shekara. A ganina motar da ta yi 35,000 da cikakken fayil ta fi wadda ta yi 12,000 ba takarda ko ɗaya, kuma masu saye da suka san mota haka suke biya. Ka haɗa da takardar kwastan a fayil ɗin.

Na shida, kada ka yarda bakanike ko dillali ya ce maka "Alhaji, a ɗan mayar da mitar baya." Ha'inci ne, haramun ne, kuma asiri na tonuwa. Motar Amurka tarihinta na Carfax, rumbun tarihin motoci na can, da adadin mil na ranar da aka yi gwanjonta. Kwamfutar Porsche na ajiye awannin da injin ya yi yana aiki da lokutan da aka wuce masa iyakar saurin juyawa. In aka raba kilomita da awanni aka ga kilomita 15 kacal a awa, an san da magana. A Gallardo mai giyar E-gear da Ferrari mai giyar F1, giyoyin da kwamfuta ke sarrafa musu kuloci, na'ura na nuna kason da kuloci ya cinye, kuma kulocin da ya kusa ƙarewa a motar da ke iƙirarin kilomita 8,000 tambaya ce da sai ka amsa.

Kafin ka sa ta a kasuwa, ka kai ta a jona mata kwamfuta, ka buga rahoton, ka yi mata sabis na shekarar. Sannan ka duba farashin irinta masu shekara ɗaya da mita kusa da taka a Dubai da Amurka, ka ƙara kuɗin jirgin ruwa da na kwastan, domin da wannan jimlar mai saye zai gwada taka. Ka ba dillali fayil ɗin da hoton mita na ranar, ku yanke la'adarsa tun kafin waya ta fara shigowa.