Yadda Ake Haɗa Taswirar Laifuka a Tsara Sintiri da Ita

Taswirar laifuka taswira ce ta yankin da ofishin 'yan sanda yake kula da shi, wadda ake ɗiga wa alama a daidai duk wurin da aka aikata laifi, domin DPO, wato shugaban ofishin, ya ga inda ɓarna ta fi taruwa kafin ya raba mutanensa da motocinsa. A gari irin Kaduna, inda ofishi guda kan ɗauki unguwanni masu dubban gidaje, ga ƙarancin ma'aikata, ga man sintiri da ake aunawa da lita, sanin inda za a tsaya da lokacin da za a tsaya ya fi yawan zagaye amfani. Na ga matasan jami'ai da dama sun ɗauki wannan aiki da zumuɗi, sannan suka watsar da shi bayan 'yan makonni, suna cewa taswirar ba ta gaya musu abin da ba su sani ba. Kusan kullum matsalar ba daga zanen take fitowa ba, daga kantar caji ofis take fitowa, inda aka karɓi ƙarar tun farko, kuma a kan wannan zan fi daɗewa.

Aikin yana da hujja. Binciken da Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989 ya duba kiraye-kirayen da aka yi wa 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka a tsawon shekara guda, ya gano cewa rabinsu sun fito ne daga kimanin kashi 3 cikin 100 na adireshi da mahaɗun titunan birnin. Kafin nan, gwajin da aka yi a Kansas City daga 1972 zuwa 1973 ya nuna cewa ƙara ko rage yawon mota barkatai bai sauya yawan laifi yadda ake zato ba. Irin wannan fahimta ce ta sa 'yan sandan New York suka kafa tsarin CompStat a 1994, inda ake tsare shugabannin ofisoshi da tambayoyi a gaban taswirar yankinsu. Ba sai an mallaki kayan aikinsu ba kafin a ci moriyar dabarar.

Mataki na farko shi ne a zaɓi laifi guda ɗaya, a kuma yanke tsawon lokaci. Wanda ya zuba ƙwacen waya da fasa shago da satar babur da faɗan 'yan sara-suka da rikicin miji da mata a kan taswira ɗaya zai sami ɗigo ko'ina, kuma ba zai iya karanta komai ba. A fara da laifin da jama'ar yankin suka fi kuka da shi, a ɗauki ƙararrakin wata uku zuwa shida da suka wuce daga littafin shigar da ƙara. Mako biyu sun yi kaɗan, domin ƙara huɗu ko biyar suna iya taruwa a wuri ɗaya bisa dace kawai.

Mataki na biyu shi ne samun taswirar tushe. Ni ban yarda mai koyo ya fara da kwamfuta ba. A ɗauko hoton yankin daga Google Earth ko OpenStreetMap, a kai shagon ɗab'i a buga shi a babbar takarda, a manna a jikin katako mai laushi, a sayi fil masu kai kala-kala. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma ɗauke wuta ba ya hana aiki da ita. Idan ana buƙatar taswira mai tsararrun filaye, hukumar KADGIS, mai kula da filaye da taswirorin jihar Kaduna, ita ce wurin da za a nema ta hanyar wasiƙa daga ofis. Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne a bar taswirar ta zarce iyakar ofishin da kamar kilomita guda ta kowane ɓangare, domin birnin ya ratsa ƙananan hukumomi huɗu, wato Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi da Chikun, kuma ɓarawo ba ya tsayawa don ya iso iyakar wani DPO.

Mataki na uku shi ne rubuta wurin da laifin ya auku, kuma a nan yawancin masu farawa suke faɗuwa. Ga yadda abin yake gudana a kanta. Mutum ya shigo a fusace an ƙwace masa waya, jami'i ya tambaye shi, "Malam, a ina abin ya faru?" Shi kuma ya ce, "A Rigasa, yallaɓai." Sai jami'in ya rubuta Rigasa, ya wuce zuwa tambaya ta gaba. Rigasa kuwa yanki ne mai faɗin gaske, daga Bakin Ruwa har tashar jirgin ƙasa, kuma idan aka kawo wa mai taswira ƙara ashirin duk an rubuta musu wannan suna, ba shi da zaɓi sai ya cake fil ashirin a tsakiyar unguwar, a wani layin da wataƙila ba a taɓa taɓa kowa ba. Haka nan idan aka rubuta "kan baifas", alhali baifas ɗin, wato titin Nnamdi Azikiwe, ya ratsa yammacin gari na tsawon kilomitoci masu yawa, ko aka rubuta "Hayi" ba a fayyace Hayin Banki ne ko Hayin Ɗanmani ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓarna domin ba a ganinsa da sauƙi. Jami'i ya rubuta adireshin gidan mai ƙara a gurbin wurin da aka yi laifin. Mutumin yana zaune a Tudun Wada, amma an zare masa waya ne a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sai fil ɗin ya sauka a ƙofar gidansa. Bayan wata uku taswira ta nuna cewa unguwar da talakawa suka fi cunkushewa ita ce matattarar ɓarayi, a tura mota can tana damun mutane, an bar jaki ana dukan taiki. Dole ne takardar karɓar ƙara ta kasance da gurbi biyu daban, ɗaya na inda mai ƙara yake kwana, ɗaya na inda abin ya same shi, kuma DCO, wato jami'in da yake kula da binciken laifuka a ofishin, ya mayar da duk takardar da aka bar gurbi na biyu babu komai.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri kawai yake buƙata. Mutanenmu ba sa kwatance da lambar gida, da alama suke yi, don haka a bi su ta hanyar da suka saba. A tambayi sunan layi, a tambayi masallaci ko coci ko makaranta ko gidan mai ko taransifoma mafi kusa, a tambayi ta wane hannu ne idan an fito daga babban titi, sannan a tambayi ko taku nawa ne daga alamar. Idan tsohuwa ce ta ce, "Ɗana, kusa da mai shayin nan ne," kada a yi mata tsawa, a tambaye ta wane mai shayi, a gefen me yake. Daga nan a buɗe Google Maps a waya, a nuna wa mai ƙara hoton sama, shi da kansa ya ɗora yatsa a wurin, a danna a riƙe har lambobi biyu na GPS da suke nuna wurin su fito, a kwafe su a takarda. Wanda ya fi wannan shi ne jami'in da ya je duba wurin ya ɗauki lambobin yana tsaye a can, a fili, ba a ƙarƙashin rufin kwano ba.

Lambobin ma suna da nasu tarkon. Na birnin Kaduna suna farawa ne da kusan 10.5 a na farko da 7.4 a na biyu. Idan mai bugawa ya juya su, ɗigon zai faɗa can cikin jihar Taraba. Sannan kada a gajarta su don sauri, domin lamba biyu bayan ɗigo tana iya kauce wa wurin da kimanin kilomita guda, uku da kimanin mita 100, huɗu da kimanin mita 11. A rubuta biyar, shi ne ƙa'idata.

Akwai laifukan da ɗigo ɗaya ba ya isar su. Wadda aka zare wa waya a cikin Keke Napep ba ta san daidai inda aka yi ba, ta san inda ta hau da inda ta sauka, don haka a ja layi tsakanin wuraren biyu. Babur ɗin da aka sace yana da wuri biyu, inda aka ɗauke shi da inda aka tsince shi idan an dace, kuma na biyun ne yake nuna hanyar da kaya suke bi. A ofisoshin karkara, irin na Birnin Gwari da Giwa da Kajuru, ko waɗanda suke kan hanyar Abuja, garkuwa da mutane tana buƙatar aƙalla wuri uku: inda aka tare mutum, inda aka shiga daji da shi, da inda aka sako shi. A can taswirar dole ta nuna burtali da mashigar rafi da hanyoyin babur, ba kwalta kaɗai ba.

Mataki na huɗu shi ne lokaci, wanda shi ma ake gurɓata shi da irin wancan sakaci. Lokacin da aka kawo ƙara daban, lokacin da aka yi laifi daban. Mai shago yakan tarar an fasa masa da safe, ya zo ofis da hantsi, kuma idan aka rubuta ƙarfe goma, lissafi zai nuna ana fasa shaguna da rana tsaka. A rubuta lokacin da ya rufe da lokacin da ya tarar da ɓarnar, sannan a ƙuntata tsakanin ta hanyar tambayar mai gadi da maƙwabta. Da yawa za su ba da lokaci da salla, su ce bayan Magariba ko kafin Asuba. A rubuta yadda suka faɗa tare da agogo, domin faɗuwar rana a Kaduna tana sauyawa da abin da ya kusa awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli. A kuma rubuta ranar mako, saboda Talatar kasuwar Kawo ba ɗaya take da Laraba ba, kamar yadda goman ƙarshe na azumi da jajibirin salla suke da nasu yanayin.

Sai a cake fil, a ja da baya a duba. Ana neman gungu ne ƙarami, kwana ɗaya ko layi biyu ko bakin tasha, ba unguwa sukutum ba. A tuna cewa taswirar ƙararrakin da aka kawo take nunawa, kuma mutane da yawa ba sa zuwa ofis kan waya ko akuya. A cike giɓin da abin da masu unguwanni da 'yan banga da shugabannin kasuwa da na tasha da kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a (PCRC) suka sani, amma da fil mai wata kala daban, don kada jita-jita ta gauraya da ƙarar da aka tabbatar. Kamen da 'yan sanda suka fita suka yi da kansu, kamar na 'yan ƙwaya, shi ma a ware shi, domin inda mota ta saba zuwa yake nunawa. Kafin a tsara komai, a taka da ƙafa zuwa kowane gungu a daidai lokacin da ake ɓarnar, a ga abin da ya sa wurin ya yi wa mai laifi daɗi, ko fitilar titi ce ta mutu, ko kango ne, ko lungu mai ɓullewa ta baya.

Tsara sintiri daga nan ba ya ɗaukar lokaci. A zaɓi wurare uku zuwa biyar, ba fiye ba, a rubuta wa kowace tawaga wuri da sa'o'i. Nazarin da Christopher Koper ya wallafa a 1995 ya nuna tsayuwar kusan minti 15 ta fi wucewa da jiniya tasiri, kuma abin da ya zarce haka ba ya ƙara wani amfani sosai, don haka a tsaya, a sauko daga mota, a gaisa da masu shaguna, a tashi, a dawo a lokacin da ba a zata ba. Wannan ya fi zagaye barkatai sauƙin man fetur nesa ba kusa ba. Abin da ba na kame ba ne a miƙa wa mai shi: fitila da kango ga ƙaramar hukuma, cunkoson bakin titi ga KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, gadin dare ga 'yan unguwa.

Bayan mako huɗu a cire tsofaffin fil, a sa sababbi, a kwatanta, a duba layukan da suke kewaye da na ofishin maƙwabta ko ɓarnar ta koma can. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya zuba bayanan a Excel ya buɗe su da QGIS, manhaja ce ta kyauta. Ko a takarda ko a kwamfuta, kada sunan mai ƙara ko na wanda ake zargi ya hau taswira, lambar fayil ta isa, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya. Taswirar da take ɗauke da jadawalin sintiri a ofishin DPO ko na DCO ake ajiye ta, ba a bangon kanta inda kowa yake shiga da fita ba, kuma ba a ɗaukar hotonta a tura zauren WhatsApp, ko da na jami'ai ne.