Yadda ake saka kalmar sirri a konsol da layukan shiga daga nesa na suwic ɗin Cisco

Suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a hanyar sadarwa) samfurin Catalyst 2960 da aka fitar daga kwali ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Duk wanda ya jona kebul ɗin konsol ya danna Enter ya shiga, in ya rubuta `enable` kuwa komai ya dawo hannunsa. Manyan ƙofofin shigar biyu ne: konsol, wadda sai mutum ya zo gaban na'urar da kansa, da layukan VTY, waɗanda ake bi ta hanyar sadarwa daga wani ofis ko wani gari. Kowacce da nata makulli. Umarnin da ke ƙasa suna aiki a yawancin na'urorin da ke amfani da IOS, wato manhajar da ke tafiyar da na'urorin Cisco, kuma za ka iya gwada su a Packet Tracer, manhajar Cisco ta kwaikwayon na'urori, kafin ka taɓa na'urar aiki.

Da farko ka jona kebul ɗin konsol, wannan shuɗi-shuɗin mai faɗi, tsakanin kwamfutarka da suwic. Buɗe PuTTY, manhajar da ake rubuta wa suwic umarni ta cikinta, ka zaɓi Serial, ka sa lambar COM da kwamfuta ta ba kebul ɗin, gudu kuma 9600. In ka ga haruffa marasa ma'ana suna zuba a allo, yawanci gudun ne bai yi daidai ba.

Ka fara da kalmar da ke tsare matakin iko, wato wanda `enable` ke kai ka:

`enable`
`configure terminal`
`hostname SW-OFIS`
`enable secret` sai kalmarka

Kada ka yi amfani da `enable password`. Tsohon umarni ne, yana ajiye kalmar a fili cikin saiti, duk wanda ya leƙa allonka lokacin da ka rubuta `show running-config` ya gan ta. Ita `secret` dagula ta ake yi yadda ba za a iya mayar da ita ba kai tsaye. In IOS ɗinka ya karɓi `enable algorithm-type scrypt secret`, to shi ya fi ƙarfi, ka yi amfani da shi.

Sai konsol:

`line console 0`
`password` sai kalmarka
`login`
`exec-timeout 5 0`

Wannan `login` ɗin shi ne mutane suka fi mantawa. In babu shi, kalmar tana nan zaune a saiti amma suwic ba zai tambaye ta ba. Shi kuma `exec-timeout 5 0` yana fitar da kai in ka yi minti 5 ba ka taɓa komai ba. In ba ka saita ba, minti 10 ne. Wasu kan sa `0 0` don kada a dinga fitar da su. Ni ban yarda da haka a na'urar aiki ba, domin ka tashi ka tafi salla ko cin abinci, ka bar wa wanda ya zo bayanka ƙofa a buɗe.

Shiga daga nesa ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Sai suwic ya samu adireshin IP tukuna: ka shiga `interface vlan 1`, ka rubuta misali `ip address 192.168.10.2 255.255.255.0`, sannan `no shutdown`. In daga wani rukunin adireshi za ka riƙa shigowa, ka ƙara `ip default-gateway` da adireshin rauta.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa `password` da `login` a layukan VTY ka shiga da Telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, amma ina roƙonka kada ka tsaya a nan. Telnet yana tura kalmar sirri a fili, mai Wireshark (manhajar kama bayanan da ke wucewa a hanyar sadarwa) da ya samu damar sauraron hanyar zai karanta ta harafi bayan harafi. SSH za ka kunna, shi yana ɓoye duk abin da ake turawa:

`username shugaba secret` sai kalmarka
`ip domain-name ofis.local`
`crypto key generate rsa modulus 2048`
`ip ssh version 2`
`line vty 0 15`
`login local`
`transport input ssh`

In suwic ya ƙi karɓar `crypto`, duba `show version`. Sai sunan IOS ɗin yana ɗauke da k9 sannan SSH zai yi aiki. Ka kuma lura da `0 15`. Layukan 16 ne, amma tsofaffin darussa da yawa `0 4` suke koyarwa, sai a gyara biyar a bar sha ɗaya da saitinsu na asali. Ka ba kowane ma'aikaci sunansa da kalmarsa, ta yadda ranar da wani ya bar aiki sunansa kawai za ka goge da `no username`.

Za ka iya sa `login local` a konsol ma, amma ka tabbatar ka riga ka ƙirƙiri suna, in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Domin taƙaita masu shigowa, rubuta `access-list 10 permit 192.168.10.0 0.0.0.255`, sannan a layukan VTY ka sa `access-class 10 in`.

Umarnin `service password-encryption` yana ɓoye kalmar konsol a cikin saiti. Ka sa shi, amma ka sani ɓoyewa ce mai rauni da Cisco ke kira nau'i na 7, ana warware shi cikin daƙiƙa. Maganin mai leƙe kawai yake yi.

Yanzu gwaji. Kada ka rufe tagar da kake ciki. Buɗe PuTTY ta biyu, ka shiga ta SSH, ka gwada `enable`, ka kuma gwada Telnet ka ga an ƙi ka. Sai komai ya yi daidai sannan ka rubuta `copy running-config startup-config`. In ba ka adana ba, da zarar an ɗauke wuta duk aikin ya tafi.

Abu ɗaya ya rage wanda umarni ba zai yi maka ba. A 2960, wanda ya zare wuta ya mayar yana danne da maɓallin Mode zai iya tsallake saitin ya canza kalmar sirri ta konsol. Saboda haka ka sa suwic cikin akwati mai kwaɗo, ka san a hannun wa mabuɗin yake.