Darasi na 7: Me yasa almon ke cika da fure amma ba 'ya'ya

Toh jama'a, a wannan darasin zamu duba abinda ke rikita masu sabon shiga noman almon, wato bishiyar nan da ake cin ƙwayar cikin 'ya'yanta. Mutum ya dasa gona guda iri ɗaya tak, ya bata ruwa ya bata taki, lokacin fure yazo bishiyoyi suka yi fari fat gwanin sha'awa, bayan sati kaɗan furen ya zube babu abinda ya kama. Ba ciwo bane kuma ba ƙasa bace, matsalar tana cikin ƙwayoyin gado na bishiyar.

Kowane furen almon yana da ɓangaren namiji mai fitar da garin fure, da ɓangaren mace mai karɓa, duk a fure ɗaya. Sai dai yawancin irin almon basa karɓar garin kansu. Kowace bishiya tana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado guda biyu da masana ke kira S, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, an basu lambobi. Idan garin ya sauka a kan fure zai fitar da wani siririn bututu ya gangara zuwa inda ƙwan yake, amma in lambarsa tazo daidai da ɗaya daga cikin lambobin bishiyar da ya sauka a kanta, sai ta tsayar da bututun a hanya, kamar dai mai gadi da aka ce kar ya bar ɗan gida ya shiga sai baƙo.

Ku lura da nan sosai domin anan ake asara. Almon aure ake masa, ana yanko reshe a ɗora kan wata saiwa, saboda haka bishiya dubu na iri ɗaya a wajen gado tamkar bishiya ɗaya ce. Kuma bambancin suna kaɗai baya wadatarwa, ga Nonpareil wanda shine fitaccen irin jihar Kalifoniya ta Amurka lambobinsa S7 da S8, wani irin mai suna IXL ma haka, kaga ko ka jera su kusa da juna basa yiwa juna amfani. Shi yasa manoman can ke saka layin Nonpareil sannan layin wani irin kamar Carmel ko Monterey, wanda lambarsa ta bambanta kuma furensa ke buɗewa lokaci ɗaya da nashi.

Garin almon yana da nauyi da danƙo, iska bata ɗaukarsa yadda ya kamata, sai ƙudan zuma. Kalifoniya ce ke noma kusan kashi 80 cikin ɗari na almon ɗin duniya, kuma duk watan Fabrairu manyan motoci ke kwaso amya daga jihohin Amurka daban-daban, ana aje kamar amya 2 a kowace eka, kuma haya ake biya ba kyauta ba.

Amma akwai irin da ke karɓar garin kansa. A yankin Puliya na kudancin Italiya aka samu Tuono da Genco masu ɗauke da wata ƙwaya da ake kira Sf, wadda bata tsayar da bututun. Masu bincike suka ɗauko ta suka haɗa da wasu irin, Faransa ta fitar da Lauranne daga haɗin Ferragnès da Tuono, a Amurka kuma Independence ya shigo kasuwa a 2008. Amfaninsa a fili yake, gona guda iri ɗaya, girbi lokaci ɗaya, ba sai ana ware wannan da wancan ba. Sai dai ni bana son yadda wasu ke cewa wai irin nan baya buƙatar zuma kwata-kwata, furen yana karɓar garinsa gaskiya ne amma dole wani abu ya kai garin kan bakin macen, kuma inda akwai zuma yafi kamawa, amyar ce kawai ake ragewa.

Aikin gida: ga iri uku, na farko S7 S8, na biyu S7 S8, na uku S1 S5. Ku rubuta waɗanne biyu zaku dasa tare da dalilinku, ku zo dashi a zama na gaba.