Yadda ake saka yoyon iska a lissafin EnergyPlus

Yoyon iska shi ne iskar waje da ke kurɗawa cikin gini ta tsaguwar taga, ƙarƙashin ƙofa, mahaɗar silin da bango, ko ramin da mai wayarin ya huda bai toshe ba. Daban yake da iskar da aka shigo da ita da gangan ta fanka ko bututu, kuma EnergyPlus, manhajar lissafin makamashin gini ta Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, ta ware wa kowanne gurbinsa. Kada ka cuɗa su.

Fara da neman adadin iskar da ke kurɗawa. In ginin yana tsaye, a yi masa gwajin fankar ƙofa bisa ƙa'idar ASTM E779 ko ISO 9972: a ɗaura fanka a bakin ƙofa, ta zuƙe iska har bambancin matsin ciki da waje ya kai faskal (ma'aunin matsi) 50 a gidajen zama, ko 75 a manyan gine-gine, sannan a karanta yawan iskar da ke wucewa. A nan masu lissafi kan zame. Sai su kwashi sakamakon gwajin yadda yake su zuba a manhaja, alhali matsin da gini ke sha yau da gobe bai wuce 'yan faskal kaɗan ba. A gidan zama, hanyar gaggawa ita ce raba sakamakon faskal 50 gida 20. A babban gini, ƙa'idar makamashin gini ta ASHRAE 90.1 tana ninka sakamakon faskal 75 da 0.112, wato lita 2 a daƙiƙa kan kowace murabba'in mita ta jikin gini ta koma kamar 0.22.

Ga misali. Ƙaramin ofishi mai girman gidan zama, mai tsawon mita 10, faɗi 10, tsayi 3, cikinsa mita kubik 300 ke nan. Gwaji a faskal 50 ya nuna iskarsa na sauyawa sau 8 a awa. Raba gida 20, ka sami 0.4, wato mita kubik 120 a awa, ko 0.033 a daƙiƙa. A Kano cikin watan Afrilu, waje na digiri 40 ciki na 24, sai ka ninka 1.2 (nauyin mita kubik ɗaya na iska a kilo) × 1005 (jul ɗin da ke ɗaga zafin kilo ɗaya na iska da digiri ɗaya) × 0.033 × 16 (bambancin zafi), ka sami kusan wat 640 da iyakwandishan zai yi dakonsu. Da ba ka raba ba, da manhajar ta nuna maka kusan kilowat 13, ka je ka sayo injin da ginin ba ya bukata.

Yanzu buɗe ZoneInfiltration:DesignFlowRate. Manhajar tana ninka adadinka da jadawali (lambar da ka ba kowace awa, 1 na nufin cikakken yoyo), sannan da wannan jimla: A + B × bambancin zafi + C × gudun iska + D × gudun iska ninki kansa. In ba ka taɓa komai ba, A yana kan 1, sauran ukun sifili, ma'ana yoyon ba ya canzawa ko iskar hunturu na kaɗawa ko ganye ba ya motsi. Zaɓi biyu aka gada daga tsofaffin manhajoji. Na DOE-2, daga A zuwa D, shi ne 0, 0, 0.224, 0, yana kai wa 1 daidai a gudun mita 4.47 a daƙiƙa, kuma da shi ake haɗa adadin 0.112 ɗin nan. Na BLAST shi ne 0.606, 0.03636, 0.1177, 0, wanda ke haura 2.7 idan bambancin zafi ya kai digiri 40 da iska mai gudun mita 6 a daƙiƙa. Don ƙasashen sanyi ya fi dacewa. A yankinmu bambancin ba ya kai nan.

Gudun iskar da ke fayil ɗin yanayi an auna shi ne a tsayin mita 10, galibi a filin jirgi. EnergyPlus tana gyara shi bisa tsayin ɗakin da abin da ka zaɓa a gurbin Terrain, wato yanayin filin da ke kewaye da ginin. Gini a tsakiyar gari da aka bar shi a Country (karkara) zai nuna yoyon da ya zarce gaskiya.

Lura da hanyar shigar da adadin. Flow/ExteriorArea tana haɗa bango da rufi, Flow/ExteriorWallArea bango kaɗai, kuma ɗakin tsakiya da ba shi da bangon waje zai fito da sifili, wanda daidai ne. AirChanges/Hour ta dogara da girman cikin ɗakin, saboda haka in tsayin silin ya kauce, komai ya kauce. A jadawali kuma, in injin sanyaya ginin yana tura iskar waje har matsin ciki ya ɗara na waje, a kan rage yoyon zuwa 0.25 lokacin da yake aiki. Iyakwandishan na bango ba ya shigo da iskar waje, don haka bar shi a 1.

Don ƙaramin gida, ZoneInfiltration:EffectiveLeakageArea ta Sherman da Grimsrud ta fi: tana karɓar faɗin ramuka a murabba'in santimita a faskal 4. AirflowNetwork kuwa sai in kana bin iska ɗaki zuwa ɗaki, kuma in ka kunna ta, galibi manhajar takan daina kallon guraben ZoneInfiltration.

Bayan lissafi, fitar da rahoton sauyawar iska (Air Change Rate) na Zone Infiltration awa-awa, ka ga ko matsakaicinsa na shekara ya yi kusa da abin da ka nufa. Duba Zone Infiltration Latent Heat Gain Energy, wato nauyin laima, ma, musamman na watan Agusta, domin a damina laimar da iskar ke shigowa da ita takan fi zafinta nauyi a kan injin.