Matakan Jinya a Gida Bayan Tiyatar Sake Gina Kunne

1. Ka bar bandejin yadda likita ya ɗaure shi, kada ruwa ya taɓa shi sai an ba ka izinin wanke kai.

2. Ka kwanta rigingine ko ta ɗaya gefen, ka ɗaga kanka da matashi biyu. A ganina wannan ne matakin da ya fi muhimmanci, domin fatar da ta lulluɓe sabon guringuntsin da aka gina kunnen da shi siririya ce, kuma idan aka danne ta tsawon dare jini na iya daina isa gare ta. Ga shi kunnen ba ya jin taɓi sosai a makonnin farko, ciwo ba zai tashe ka ba.

3. Idan daga haƙarƙari aka ɗebo guringuntsin, ka rungumi matashi a ƙirji duk lokacin da tari ya zo.

4. Ka sha magunguna a kan lokaci, ka nisanci taba da wasannin gogayya har kusan mako 6.

5. Ka koma asibiti nan take idan zazzaɓi ya haura digiri 38, ko mugunya ta fito, ko kunnen ya kumbura farat ɗaya ko ya canza launi.